Gwangwanin Tare Mai a Injin Mota: Wace Mota ce Ke Buƙatarsa a Tasawa da Mayahi?

Daga cikin ƙananan kayayyakin da ake ƙara wa mota bayan ta baro kamfani akwai wani gwangwani na alminiyam, wanda yawanci cikinsa bai wuce rabin lita ba, ana ɗaure shi a gefen inji da tiyo biyu, ɗaya na shiga ɗaya na fita, aikinsa kuma shi ne ya tare tururin baƙin mai da ke tasowa daga cikin inji kafin ya koma hanyar da injin yake shaƙar iska. Masu tallarsa sukan nuna baƙin ruwan da aka juye daga cikinsa a matsayin shaidar cewa duk injin da ba a sa masa shi ba yana haɗiyar dauɗa dare da rana, kuma wayoyin hannu sun kai wannan talla har wuraren da ba a taɓa ganin gwangwanin da ido ba. Cewa yana tare mai ba abin musu ba ne. Abin da ya kamata mai mota a Tasawa ko Mayahi ya bincika shi ne ko man da yake tarewa yana cikin abubuwan da ke kashe injuna a wannan yanki, kuma amsar, ga mafi yawan motocin da ke bin waɗannan hanyoyi, ta fi karkata ga a'a, ko da yake akwai ƴan tsirarun injuna da zancen ya shafa da gaske.

Tushen maganar yana cikin yadda inji yake ƙona mai. Fistan yana hawa da sauka a cikin silinda, sanye da zobba na ƙarfe waɗanda aikinsu shi ne su toshe ratar da ke tsakaninsa da bangon silindar, amma babu zoben da ke toshewa ɗari bisa ɗari, ko da a sabon inji ne, saboda haka duk lokacin da wuta ta tashi a saman fistan sai wani kaso na iskar da ta ƙone, tare da fetur ɗin da bai gama ƙonewa ba da tururin ruwa, ya sulale ta gefen zobba ya gangara ƙasan inji, inda kaskon baƙin mai yake. A can yana tarar da mai mai zafi wanda juyawar ƙarafuna ta farfasa ya zama feshi, sai su gauraya. Idan ba a buɗe wa wannan iska hanyar fita ba, matsinta zai yi ta ƙaruwa har ya tura mai waje ta robobin da ke rufe bakin sandunan inji da ta gasket, ruwan da ke cikinta kuma zai lalata man ya mai da shi kauri.

A da, motoci suna fitar da wannan iska ne ta wani bututu da ke leƙowa ƙarƙashin inji, iskar tafiya tana zuƙe ta tana watsarwa a kan hanya. An daina haka ne saboda hazon hayaƙin da ya addabi birnin Los Angeles na Amurka, wanda masanin sinadarai Arie Haagen-Smit ya nuna a farkon shekarun 1950 cewa yana samuwa ne idan hasken rana ya bugi iskar da motoci da masana'antu ke fitarwa. Daga motocin shekarar 1961 aka soma sa wa waɗanda ake sayarwa a jihar Kalifoniya tiyon da ke mayar da iskar cikin inji domin ta sake ƙonewa, a 1963 tsarin ya game sababbin motocin Amurka, daga baya kuma ya game duniya. A injin fetur, tsarin ya ƙunshi tiyo biyu: ɗaya yana shigar da iska mai tsabta daga bayan matatar iska zuwa murfin saman inji, ɗayan yana fitar da gurɓatacciyar zuwa bututun shaƙa ta cikin wani ɗan bawul da ake kira PCV, wanda ke tsuke hanya idan inji yana sulo, ya buɗe ta idan an taka. Ke nan ɗan man da ake gani a bututun shaƙa ba kuskuren kamfani ba ne, da saninsa aka bar shi ya bi ta nan.

Shi gwangwanin asalinsa daga filin tseren motoci yake, inda ɗigon mai a kan kwalta ke iya jawo haɗari, har dokokin hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, suka wajabta wa wasu rukunan motocin da numfashin injinsu ke fita waje su ɗaura tankin tarar mai. Abin da ya fito da shi daga filin tsere zuwa motocin gida shi ne sauyin da aka samu a yadda ake ba inji fetur. A injin kafireta, da kuma injin da injektocinsa ke fesa fetur a bakin bawul ɗin shaƙa, fetur yana wanke bayan bawul a duk numfashi, don haka man da ya zo ta tiyon PCV ba ya samun damar zama ya daskare. Amma a shekarar 1996 kamfanin Mitsubishi ya fito da Galant mai injin da ya kira GDI, wanda ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, Toyota ya biyo da D-4, Volkswagen da FSI da TSI, Peugeot da THP, Ford da EcoBoost, har ya zamana wajen 2018 kusan rabin sababbin motocin Amurka irin wannan inji gare su. A cikinsu fetur ba ya taɓa bayan bawul ko sau ɗaya, sai man da ya sauka a wurin ya toye saboda zafi, ya taru ya zama ƙullutun baƙar dauɗa mai tauri, wadda ke tsuke hanyar iska, ta sa inji rawa da safe, ƙarfinsa ya ragu, shan fetur ya ƙaru. Cire ta sai an kwance bututun shaƙa an kankare, a Turai da Amurka ma da garin ɓawon gyaɗar walnut ake feshe ta. Tsadar wannan aiki ce ta buɗe wa gwangwanin kasuwa.

Idan aka juyo kan motocin da ke aiki a waɗannan sassa biyu na jihar Maraɗi ta Nijar, sai a ga hoton ya sha bamban. Tasawa tana kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, kimanin kilomita 120 gabas da Maraɗi a kan hanyar Damagaram, Mayahi kuma tana arewa, a bakin Gulbin Kaba, ana ratse mata daga Caduwa. Motocin da ke ɗaukar jama'a da buhunan hatsi da wake da dabbobi tsakanin waɗannan garuruwa da kasuwannin Gazawa, Maijirgi, Korgom, Urafan, Kanambakashe da Isawan, galibinsu na hannu ne da suka gama zamaninsu na farko a Turai ko Amurka, suka shigo ta tashar Kwatano, ko ta Lome tun bayan rufe iyakar Benin da ya biyo juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023. Toyota ce ta fi rinjaye: Hiace ta haya, Corolla da Carina da Starlet, tsofaffin Hilux da Land Cruiser, sai ragowar Peugeot 504 da 505 da har yanzu ba su miƙa wuya ba. Injunan fetur na waɗannan motoci, irin su 4A-FE da 1ZZ-FE na Corolla da 2TR-FE na Hiace da Hilux, duk a bakin bawul suke fesa mai, tsofaffin Peugeot kuwa mafi yawansu kafireta ce. Ciwon da ake tallar gwangwanin dominsa bai kama su ba, kuma wanda ya sa musu shi zai ga mai ya taru a ciki, ya ji daɗi, alhali man da zai ƙone ne ba tare da ya bar wata illa ta a-zo-a-gani ba.

Akwai dai waɗanda suka fita daga wannan hukunci, kuma ana gane su ta lambar injin da ke rubuce a jikinsa ko a murfinsa. Avensis ta Turai mai lita 2, wadda lambar injinta ta ƙare da FSE maimakon FE, kai tsaye take fesawa, haka nan duk motar da aka rubuta wa GDI, FSI, TSI, TFSI, THP ko EcoBoost. Yawansu zai ƙaru, domin motar da Bature ya saya sabuwa bayan 2010 ita ce ke isowa Maraɗi a matsayin ƴar Kwatano a yanzu.

Babban abokin gabar inji a Tasawa da Mayahi ƙura ce. Ƙasar yankin jigawa ce mai yashi, hanyoyin ƙauyuka da yawa burji ne ko turbar rairayi, daga Nuwamba zuwa Maris kuma iskar hunturu tana kawo hazo daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, wanda ke cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Ƙwayar yashi ta fi ƙarfen silinda tauri, inji kuwa yana shaƙar iskar da ta kai lita dubu goma kafin ya ƙona lita ɗaya ta fetur, saboda haka ƴar ɓula a matatar iska, ko tiyon da ya tsage tsakanin matata da inji, ko murfin gidan matata da maƙallinsa ya karye aka ɗaure da roba, ya isa ya shigar da abin da zai goge zobba da bangon silinda cikin ƴan watanni. Akwai al'adar da ta zama ruwan dare a garejoji, ta cire matatar takarda a buga ta da ƙasa ko a hura ta da iska mai ƙarfi a mayar, a yi ta maimaita haka shekara da shekaru, alhali kowace hurawa tana iya yaga zaren takardar ta buɗe ramukan da ido ba ya gani. Matatar da aka hura takan fito fes, shi ya sa mai mota yake gamsuwa, amma tsabtar fuskarta ba ta nuna abin da take bari ya wuce. Da zarar zobba sun ci, iskar da ke sulalewa ƙasa sai ta ninka, ta kwaso mai mai yawa ta watsa a bututun shaƙa, hayaƙi mai shuɗi ya fara fita ta salansa, direba ya ce mota ta fara shan baƙin mai. A daidai nan ne gwangwanin ya fi yaudara, domin zai rage hayaƙin ya kuma cika da sauri, mai shi ya ɗauka ya yi maganin abin, alhali bai wuce ajiye ƙwarya a ƙarƙashin rufin da ke yoyo ba: daɓe ya bushe, rufin kuwa yana nan yana ci gaba da ruɓewa.

Zafi da ingancin mai suna ƙara nasu. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a jihar Maraɗi yakan haura digiri 40, motar da aka yi wa lodi fiye da ƙima kuma tana jan rairayi da giya ta biyu, man da ke cikinta yana tsananin zafi na sa'o'i, idan kuma man awo ne da aka saya a kwalba ba a san asalinsa ba, sassansa marasa nauyi sukan ƙafe da wuri su bi tiyo su tafi. Littattafan Toyota na motoci da dama sun rage wa'adin juyen mai zuwa kilomita 5,000 ga motar da ke aiki cikin ƙura, kuma babu gwangwanin da ke tsawaita wannan wa'adi, tun da ƙurar da ta shiga kaskon mai tana can ƙasa, ba ta bi ta cikinsa. Haka zancen fetur yake. Matatar mai ta SORAZ da ke Damagaram, wadda ta fara aiki a ƙarshen 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, tana ciyar da gidajen mai, amma a ƙauyukan da ke nesa da famfo, da waɗanda ke kusa da iyakar Najeriya, ƴan ruwa-ruwa ne ke sayar da fetur a kwalabe da jarkoki, ko da yake janye tallafin mai da Najeriya ta yi a ranar 29 ga Mayun 2023 ya rage ribar sana'ar. Fetur ɗin da ya sha juye-juye a buɗaɗɗen wuri yakan ɗauki ƙura da ruwa, injin da ke fesawa kai tsaye kuwa, mai famfon da ke matsa mai fiye da bar 100, ya fi kowane inji jin wannan, kuma a nan ma matatar fetur ce mai ceto.

Saboda haka idan bakanike ya buɗe bututun shaƙa ya tarar da mai ya yi yawa, matakin farko bincike ne. Bawul ɗin PCV ƙaramin abu ne mai araha, yakan toshe ko ya maƙale a buɗe, kuma a irin tsohon samfurinsa ana cire shi a girgiza a ji ko yana ƙara. Tiyoyinsa sukan bushe su tsage saboda zafi. Man da aka zuba ya wuce alamar sandar gwaji shi ma yakan haddasa feshi. Bayan waɗannan sai a auna matsin kowace silinda da geji, domin shi ne ke faɗin gaskiyar zobba, ya fi gwajin da aka saba yi na buɗe murfin mai a ɗora tafin hannu a ji bugun iska, wanda ke nuna injin da ya riga ya yi nisa kawai. Wasu injunan ma da lahaninsu suka zo: 1ZZ-FE na farkon shekarun 2000 da 2AZ-FE na Camry ta wajen 2007 zuwa 2009 sun yi suna wajen shan mai saboda zobban mai da ke maƙalewa a jikin fistan, kuma gyaransu sai an sauke inji.

Inda hujjar gwangwanin ta fi ƙarfi shi ne injin gazuwal na zamani mai tarbo, irin 1KD da 2KD na Hilux da Prado da Hiace, da 1GD da 2GD da suka gaje su daga 2015, da 1VD na Land Cruiser, waɗanda su ne motocin ma'aikatu da ƙungiyoyin agaji da asibitoci da manyan ƴan kasuwa. A waɗannan, tiyon numfashi yana zuba iskarsa a gaban tarbo, man ya ratsa tarbon, ya shafe cikin na'urar sanyaya iska, sannan ya isa bututun shaƙa, inda yake haɗuwa da hayaƙin salansa da wani bawul mai suna EGR ke dawowa da shi domin a rage zafin ƙuna da iskar gubar da ke biyo shi. Kunkunniyar gazuwal ita kaɗai busasshiya ce, mafi yawanta takan wuce, amma idan ta haɗu da mai sai ta zama kwaɓi mai danƙo kamar kwalta, ta yi ta taruwa har ta cinye wani babban kaso na faɗin bututun. Raba man da hayaƙin yana rage wannan taruwa sosai, shi ya sa masu manyan motocin daji a Ostireliya, inda nisa da ƙura suka yi kama da na Sahel, suka rungumi na'urar, musamman samfurin ProVent na kamfanin MANN+HUMMEL na Jamus, wanda ke da matata ta musamman a ciki da bawul ɗin da ke sakin matsi idan ta toshe. Tsohon injin 1HZ na Land Cruiser, da 3L da 5L na Hiace, ba su da tarbo, kuma wanda bai zo da EGR ba a cikinsu ba ya cikin wannan damuwa.

Ga injin fetur mai fesawa kai tsaye, amfanin yana nan amma bai kai yadda ake kururutawa ba, domin tiyon numfashi ba shi kaɗai ke kai dauɗa bayan bawul ba: mai yana tsattsafowa ta robar wuyan bawul, yana zuwa ta tarbo, hayaƙi kuma yana komowa baya a ɗan lokacin da bawul ɗin shaƙa da na fitarwa suke buɗe tare. Gwangwanin yana jinkirta taruwar, ba ya hana ta, kuma ba ya cire wadda ta riga ta daskare, don haka sa shi a motar da ta ci kilomita 200,000 a Turai ba tare da an fara kankare bawulolinta ba aikin banza ne. Abin lura ne cewa kamfanonin ba su bi ta hanyar gwangwani ba. Sun gina na'urar raba mai a cikin murfin inji wadda ke mayar da shi kasko da kanta, Toyota kuma tun 2005 ya fito da tsarin D-4S mai injektoci iri biyu, na cikin silinda da na bakin bawul, domin fetur ya ci gaba da wankin da ya saba.

Haɗarin kuskure wajen ɗaurawa ya fi ribar girma idan aka yi sakaci. Gwangwanin da babu komai a cikinsa, ba raga ba faranti, yawancin feshin wucewa yake yi ta cikinsa. Wanda bakinsa ko tiyonsa ya fi na kamfani ƙanƙanta yana shaƙe numfashin inji, matsi ya taru, mai ya ɓalle ta robar bayan inji, gyaran da sai an sauke giyabos, kuma wannan ya fi aukuwa a injin gazuwal da tsohon inji, waɗanda iskarsu ta fi yawa. Tiyon ruwa ko na gas ba ya jure mai mai zafi, yakan yi laushi ya manne. Mafi muni a wannan yanki shi ne samfurin da ke da ƴar matata a ka, mai sakin iska waje, da kuma dabarar da ake gani a tsofaffin motocin gazuwal ta zare tiyon numfashi a cusa bakinsa cikin gorar roba: idan ba a toshe ramin da aka bari a bututun shaƙa da kyau ba, an buɗe wa ƙura ƙofar da ta kauce wa matata, a injin fetur mai kwamfuta kuma iskar da ba a auna ba tana rikita lissafin mai, sulo ya lalace.

Sai kuma zancen kula, wanda shi ne ke yanke hukunci a aikace. Gwangwanin yana cika, kuma idan ya cika ba a juye ba, ko dai ya toshe hanya ko inji ya zuƙi man gaba ɗaya, abin da a injin gazuwal ke iya sa ya kama gudu da man jikinsa, a kashe makulli ya ƙi mutuwa. A ƙasashen sanyi ruwan da ke taruwa a ciki yakan daskare ya toshe shi. Wannan ba ya faruwa a Tasawa, kuma doguwar tafiya cikin zafi tana ƙafar da mafi yawan ruwan, sai dai motar da ke gajerun zirga-zirga a cikin gari da sanyin Disamba da Janairu za ta tara wani farin kwaɓi na ruwa da mai. Motar ma'aikata da ke da direba ɗaya da littafin gyara tana iya ɗaukar wannan ƙarin aiki, a riƙa duba shi bayan kowane kilomita 1,000 har a gane saurin cikarsa, daga nan a haɗa shi da ranar juyen mai. Motar haya da ke sauya hannu tsakanin mai ita da direba da yaron mota, kowa yana zaton ɗan'uwansa ya duba, ita ce ta fi kusa da barin sa ya cika. Mai sabuwar mota da ke ƙarƙashin garantin dillali kuma ya kamata ya tambaya kafin ya taɓa tiyon, domin sauya tsarin numfashin inji yana iya zama hujjar ƙin biyan gyara.

Abin da aka juye daga gwangwanin ba mai ba ne zalla, gauraye yake da ruwa da fetur da sinadarai masu tsami, don haka ba a mayar da shi cikin inji, sai a samfurin da aka ƙera da tiyon komawa kasko. Ba a kuma zubar da shi a ƙasa, balle a kwarin Gulbin Kaba inda rijiyoyin sha da na lambu suke ɗibar ruwan da ke ƙarƙashin yashi, kuma bai dace a shafa shi a jikin dabba mai ƙaiƙayi ba, kamar yadda wasu ke yi da tsohon baƙin mai, tun da littattafan motoci da kansu suna gargaɗi a kan yawan taɓa shi da fata. Wurinsa shi ne durom ɗin da gareji ke tara man juye.